Filin Tambaya da Amsa: Wace Ce Tsohuwar Nan Mai Almakashi a Ajin Yaran Chaina?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar yadda makarantun Chaina ke jawo masu sana'ar hannu na gari su shigo aji su koyar da yara. Na zaɓi biyar, wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, akwai gaba.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni malamar firamare ce, shekarata 11 ina koyarwa. Na ga bidiyon wata makaranta a Chaina, wata tsohuwa tukuf zaune gaban aji tana yanka jar takarda da almakashi yara sun yanyame ta, malamar ajin kuma tana gefe a tsaye. Dan Allah ita ma malama ce ko dai kawo ta aka yi don a ɗau hoto? Kuma abin yana cikin manhaja?

AMSA: Lafiya lau Malama, Allah ya sa wa aiki albarka. Galibi irin wannan tsohuwa bata da takardar malanta, wata ma ko firamare bata gama ba, amma gwamnati ta san da ita. Suna ce musu chuanchengren, wato magada sana'a, mutanen da aka tantance cewa su ke riƙe da wata fasahar gargajiya a garinsu. Akwai na matakin gunduma, na birni, na lardi, har na ƙasa baki ɗaya, kuma na ƙasa tun 2016 ana basu tallafin yuan 20,000 na kuɗin Chaina a shekara, ba don su ci su kwanta ba, sharaɗin shine su koyar.

Bara in ɗan koma baya ki ga yadda akai aka zo nan. A 2001 sukai gyaran manhaja suka raba ta gida uku: akwai wadda gwamnatin tsakiya ke tsarawa kowa ya bi, akwai ta lardi, sannan aka bar wa kowace makaranta ɗan fili ta tsara nata darasin daidai da inda take. Wannan ɗan filin shine ƙofar da tsohuwar nan ta shigo. Daga baya ƙasar ta shiga yarjejeniyar UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kare al'adun gado a 2004, ta fitar da jerin farko na abubuwa 518 a 2006, sai kuma doka guda a 2011 wadda a cikinta aka ɗora wa makarantu su riƙa koyar da waɗannan abubuwa. In kika ji suna cewa feiyi jin xiaoyuan toh wannan suke nufi, al'adun gado su shiga makaranta.

Amma tunanin ya girmi duk takardun nan. Akwai wani malami Tao Xingzhi, ya yi karatu a jami'ar Columbia a Amurka lokacin da shahararren masanin ilimi John Dewey ke koyarwa a can, ya dawo gida ya cire kwat ya buɗe makarantar horar da malaman ƙauye a Xiaozhuang kusa da Nanjing a 1927. Maganarsa da har yau ake maimaitawa ita ce rayuwa ita ce ilimi, al'umma ita ce makaranta. Har yara yake sawa su koma gida su koya wa iyayensu karatu. Ya rasu a 1946, amma duk malamin Chaina da ya bi ta kwalejin ilimi ya san sunansa.

Shi kuwa yankan takardar da kika gani sunansa jianzhi, UNESCO ta sa shi a jerinta a 2009, kuma a arewacin lardin Shaanxi, wajajen Ansai, mata ne suka gaje shi uwa da 'ya, lokacin sabuwar shekara su liƙa a taga su ce masa furen taga. Ki sake kallon bidiyon ki lura da hannunta. Za ta ninke takardar, ta soma da ƙananan hudojin ciki kafin ta taɓa gefe, kuma almakashin kusan a wuri ɗaya yake, takardar take juyawa da ɗaya hannun a hankali kamar mai murza zare. In za ta yi gashin damisa ko fiffiken zakara sai ta jera ƙananan tsaga kamar haƙoran zarto, in lanƙwasa ce ta yi siffar jinjirin wata. Bata zana komai da fensir ba, a kanta abin yake. Yaro na farko zai yanke wurin da ya haɗa ɓangarorin, yana warwarewa sai takardar ta rabe biyu a hannunsa ido ya kawo ruwa, ita kuma ta miƙo masa wata ta riƙe hannunsa su yi tare. Kuma tana yi tana faɗa musu dalili: kifi ake yankawa saboda a yarensu sunan kifi ya yi kama da kalmar rara, wato Allah ya sa abinci ya yi saura, rumman kuma saboda yawan 'ya'yansa fatan zuri'a ne. Wannan bayanin ne littafi baya iya bayarwa yadda take bayarwa.

Ita kuma malamar da kika gani a gefe, kar ki ɗauka zaman banza take. Tsohuwa ta iya yi amma bata san yadda ake raba abu darasi-darasi na minti 40 ga yara 45 ba, bata san wane yaro ne baya ji da kyau ba. Malamar ce ke wannan. Inda abin yake tafiya daidai za ki samu su biyun sun zauna tun kafin zango sun tsara, kuma tsohuwar tana zuwa kowane mako ba sau ɗaya a shekara ba. Inda kuma hoto ake nema, shima akwai, zan zo kansa a ƙasa.

TAMBAYA: Salam Malam. Ina kasuwanci a Gwanzu shekara da shekaru, iyalina suna nan tare da ni, yarona yana aji 4 a firamare ta gari. Rannan ya dawo wai an basu aikin gida ya nemo tsoho mai sana'ar hannu a unguwa ya yi masa tambayoyi ya zano kayan aikinsa, ga shi duk Laraba sai yamma lis yake dawowa wai suna ƙera yumɓu. Ni dai a ganina ɓata lokaci ne, lissafi da Turanci nake so ya iya. In je in ce a cire shi?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya raya mana shi ya yi wa kasuwa albarka. Ni shawarata kar ka cire shi, kuma ka sani ba kai kaɗai ba ne, iyayen Chaina da yawa abinda suke faɗa kenan, don ƙasa ce da jarrabawa ke yanke wa yaro makoma: zhongkao a ƙarshen ƙaramar sakandare, gaokao kuma ta shiga jami'a. Shekaru da yawa malamin lissafi na iya ƙwace lokacin darasin zane in jarrabawa ta matso ba wanda zai ce uffan.

Dawowar yamman da kake gani ta samo asali ne daga Yulin 2021, lokacin da gwamnati ta fito da tsarin da suke kira shuang jian, rage abu biyu: aikin gida da lesin na kuɗi. Aka ce 'yan aji 1 da 2 ba aikin gida na rubutu, aji 3 zuwa 6 kar ya wuce na minti 60, ƙaramar sakandare minti 90, aka kuma taka wa kamfanonin lesin birki sosai. Toh yaro ya tashi da wuri iyaye suna wurin aiki, ina za a kai shi? Sai aka ce makarantu su riƙe yara bayan tashi, kwana 5 a mako aƙalla awa 2, kuma a wannan lokacin ne masu yumɓu da masu rawar zaki da masu ɗinkin ado suka samu shiga. A manhajar 2022 kuma darussan fasaha, wato kiɗa da zane da rawa da wasan kwaikwayo da fim, an ware musu kashi 9 zuwa 11 cikin 100 na lokacin karatun shekara taran nan na dole. Kaga ba wani abu ne malaminsa ya ƙirƙiro da ka ba.

Har maki ya fara shiga. A Oktoban 2020 hukumomin ƙoli suka fitar da takarda kan abinda suke kira meiyu, tarbiyyar sanin kyau, suka ce a hankali a sa fasaha cikin zhongkao, lardin Yunnan misali ya ba kiɗa maki 20 zane maki 20. Gaskiya ni wannan ɓangaren raina bai kwanta dashi ba, don duk abinda aka ɗora wa maki sai ka ga an koma haddar sunayen masu zane da shekarun haihuwarsu, mai kuɗi ya ɗauko wa ɗansa malami a gida, ɗan talaka ya tashi a tutar babu. Amma dai ya nuna maka su basu ɗauke shi wasa ba.

Aikin gidan nan kuwa Alhaji, wallahi ni shi yafi burge ni a duk wasiƙarka. Yaronka baƙo ne a unguwar, kullum daga gida sai makaranta. Yanzu an tilasta masa ya tsaya gaban wani dattijo ya gaishe shi da yarensu, ya tambayi sunan kowane ƙarfe, ya saurara, ya rubuta, ya zana, ya dawo ya yi bayani gaban aji. Ɗan kasuwa kamarka ya fi kowa sanin abinda wannan zai zame masa gobe. Ka raka shi da kanka. In ka samu ranar da ba kasuwa ka kai shi Chen Clan Academy nan cikin gari, ginin da aka gama a 1894 wanda yanzu gidan adana sana'o'in hannun lardinku na Guangdong ne, ko ku hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Foshan ya ga tandun Nanfeng na unguwar Shiwan, an fi shekara 500 ana gasa tukwane a cikinsa, sai ya gane yumɓun da yake murzawa ranar Laraba daga ina ya fito. In kuma ka ga lissafinsa na ja baya, wannan magana ce daban, ka samu malamin ajin ku zauna.

TAMBAYA: Malam wai duk wannan kyauta ne ko iyaye ke biya?

AMSA: 'Yar'uwa, karatun shekara 9 na dole a makarantun gwamnati ba kuɗin makaranta, don haka darasin da ke cikin jadawali ba a biya. Na bayan tashi ya danganta da gari, wani wuri gwamnati ke ɗauka wani wuri iyaye na ba da ɗan abu. Yawancin gidajen tarihi na gwamnati kyauta ake shiga tun 2008, shi yasa malamai ke yawan kwasar yara su kai. Wanda ke cin kuɗi na gaske shine shirin jarrabawar shiga jami'o'in zane, yikao, inda ɗalibi zai tare wata da watanni a gidajen horo na Hangzhou ko Beijin yana zana abu ɗaya safe da dare, amma wannan wata duniya ce daban, ba ruwanta da tsohuwar unguwa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, ni ɗalibin ilimi ne a shekarar ƙarshe. Duk abinda ake nuna mana makarantun birni ne masu kyalli. Ƙauyukansu fa? Kuma ba ka ganin duk farfaganda ce kawai?

AMSA: Ƙanena tambayarka ta yi, kuma amsar e ce da a'a, ka bi ni a hankali.

Ƙauye shine inda sana'ar take, kuma shine inda malamin zane yafi ƙaranci. A makarantun karkara da yawa wanda ke koyar da lissafi ko yare shi ake ɗora wa zane, ya zana tuffa a allo ya ce a kwafa. Ga iyaye sun tafi ci-rani masana'antun bakin teku sun bar miliyoyin yara hannun kakanni, ga shi daga 2001 zuwa 2012 an rufe ƙananan makarantun ƙauye masu ɗimbin yawa an haɗe su a garuruwa, yaro ɗan shekara 8 ya koma kwana a makaranta sai ƙarshen mako. Yarinyar da a da za ta koyi rini tana zaune gefen kakarta da yamma, yanzu yammar bata gida. Kaga makarantar ce ta raba su, toh in ita bata shigo da kakar ciki ba shikenan zaren ya tsinke.

Ɗauki lardin Guizhou, ƙasar duwatsu ta ƙabilun Miao da Dong. Matan Miao na wajajen Danzhai suna zane da kakin zuma a kan farin yadi. Kayan aikin ɗan ƙarami ne, 'yan falle-fallen tagulla a ɗaure a bakin sandar gora, a narka kaki a kasko kan garwashi, a tsoma, a ja layi kafin ya daskare, in kakin ya yi zafi da yawa ya malale in ya huce ya ƙi sauka, kuma ba ma'auni, tsohuwa da ido da ƙamshi take ganewa. Sai a tsoma yadin a tukunyar baba a ciro yana kore-kore iska ta buge shi ya koma shuɗi, a sake tsomawa a sake, daga ƙarshe a tafasa kakin ya fita, tsuntsu da kifi da malam-buɗe-littafi su fito fari tas. Malam-buɗe-littafin nan a tatsuniyarsu uwa ce, daga gare ta kakanninsu suka fito. Yanzu ka faɗa min, makarantar da bata da kuɗin fenti da burushi, amma kakar kowace yarinya a ajin ta iya wannan, wa ya kamata ya koyar? Wannan tunanin ne wani shiri mai suna Pugongying ya ɗauka tun 2003 a Xiangxi ta lardin Hunan, ana horar da malaman ƙauye su yi amfani da abinda ke ƙasa, kara da yumɓu da duwatsu da tsummoki da gwanayen garin.

Su kuma Dong waƙa ce tasu, babbar waƙa mai muryoyi da yawa ba kiɗa ba mai ba da hannu, UNESCO ta karɓe ta a 2009. Da can basu da rubutu, tarihi da tarbiyya duk a waƙa suke, har suna cewa shinkafa ke ciyar da jiki waƙa ke ciyar da zuciya. A gundumomin Rongjiang da Liping da Congjiang gwanayen waƙa na shiga aji su koyar, kuma ga yaron da uwarsa ke nesa sai sabuwar shekara yake ganinta, tsayawa cikin sahu ya riƙe muryarsa ta ƙasa wasu su hau kai ba ƙaramin abu ba ne. Wannan ba farfaganda ba ce, na yarda dashi har zuciyata.

Amma ga ɗaya gefen. Akwai makarantun da abin ya zama na baƙi: a zaɓi yara 20 masu kyau a sa musu kayan gargajiya, su haddace waƙa biyu, duk ranar da manya za su zo duba makaranta a fito dasu, sauran ɗaruruwan ko taɓa kayan basu yi ba. A gyara ɗaki guda a jera aikin da rabinsa malamai suka ƙarasa, a kulle. Tsohon da aka gayyato ya zo sau ɗaya a ɗau hoto a sallame shi. Abin yana min ciwo don yaro ba wawa bane, yana gane lokacin da aka maida al'adar gidansu kwalliya.

Sannan akwai rigimar wa ke zaɓar abinda za a koyar. A 2008 ma'aikatar ilimi ta gwada sa wasan opera na Beijin, wato wasan kwaikwayon gargajiya da ake yi da waƙa, a makarantun larduna 10 da waƙoƙi 15, mutane suka yi ca, wasu suka ce da yawan waƙoƙin na zamanin juyin al'adu na mulkin Mao ne, wasu suka ce mu a Guangdong ko Sichuan muna da namu wasan me yasa sai na Beijin. Mafi nauyi kuma maganar harshe: a 2020 aka mayar da koyar da wasu darussa a yankin Mongoliya ta Gida da ke cikin Chaina daga harshen Mongol zuwa Mandarin, babban harshen ƙasar, har iyaye suka fito zanga-zanga. In aka bar wa yaro riga da rawa aka janye harshen da ake waƙar dashi, abinda ya rage kaɗan ne. In za ka yi rubutun kammalawa a kai, tambayoyin da za ka riƙe sune sau nawa mai sana'ar ke zuwa, yara nawa ke taɓa kayan da hannunsu, kuma da wane yare ake bayani.

TAMBAYA: Malam akwai Musulmi a Chaina, su yaransu ya suke yi da darasin zanen mutum da dabba?

AMSA: Akwai su Hajiya, ƙabilar Hui kaɗai sun haura miliyan 11 a ƙidayar 2020, ban da Uygur da Kazak da Dongxiang da Salar. Makarantar gwamnati a can bata koyar da addini kowane iri, doka ta raba su, don haka darasin zane ɗaya ne ga kowa, kuma a shekarun baya-bayan nan an ƙara matsawa, an sauke ƙubbobin masallatai da rubutun Larabci a wurare da dama a Ningxia da Gansu. Shi yasa kyakkyawan rubutun Larabcin nan nasu da ake kira Sini, wanda hannun rubutun Sinanci ya shiga jikinsa, a gida da wajen malamai ake koyonsa ba a aji ba. Hukuncin zanen mai rai kuwa na bar wa malamanmu, ba fagena bane.

Abinda zan iya nuna miki shine yadda kakanninsu suka bi da abin a sana'a. A Linxia ta lardin Gansu akwai sassaƙar bulo, tana cikin jerin farko na 2006, kuma magina Hui sun yi suna a kanta. Iri biyu ce, ko a murza ɗanyen yumɓu a fitar da siffa kafin a gasa, ko a ɗau gasasshen bulo mai ruwan toka a bi shi da kurfi da ƙaramar guduma hawa-hawa har hoton ya yi zurfi. In kika duba bangon masallatansu da ƙofofin gidaje, inabi za ki gani yana reto, da furen mudan mai yawan ganye, da gora da duwatsu da ruwa, da wuya ki ga fuskar mutum. Itacen inabi ɗaya na iya cin bulo da yawa, kowanne a sassaƙa shi daban, sai an jera a bango reshen wannan ya haɗu da na wancan ba a ga tsaga ba.